Man kanumfari ga ciwon haƙori: a sa shi tsura ko a sirka?

Maman Yara, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Maigidana ne haƙorinsa na matauni ya yi rami, dare ya yi sai zogi kamar ana sara. Na sayo ƙaramar kwalbar man kanumfari a kasuwar Sabon Gari. Tsura ake ɗigawa?

Baba na Samaru: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki sa tsura, yana ƙone dasashi har fatar ta yi fari ta saɓule. Ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali na man zaitun ya isa. Ki jiƙa 'yar auduga, ya danna ta a ramin kawai, kada ya haɗiye. Sinadarin eugenol da ke ciki ne ke kashe zafin, likitocin haƙori ma da shi suke haɗa cikon wucin gadi.

'Yar Kongo: Yaya, don Allah ki ɓoye kwalbar nan sama. Yaro ya kurɓa, hanta yake taɓawa. Wannan ne ya fi damuna.

Baba na Samaru: Gaskiyarta. Kuma zogin kaɗai yake kwantarwa, ramin na nan yana ci. In kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, ku nufi asibitin Shika.

Maman Yara, Tudun Wada: Na gode, Baba. Gobe zai je a duba shi, insha Allah.