Musayar Waƙa: Kakar PSG Bayan Tafiyar Mbappé

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum 'yan fada. Kakar ƙwallo ta 2024/2025 ta ƙare, PSG ta birnin Paris ta ɗauki Kofin Zakarun Turai karo na farko, lokacin hisabi ya yi. Duk wanda ya yi wa PSG dariya a gidan kallo ya fito ya amsa, amma da waƙa. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". Ban da zagin iyaye.

Da sunan Allah na fara,
Mai ba bawa kuma ya ƙara,
Salati ga Manzo mai bushara,
Sannan in juyo wajen 'yan uwa.

Bara da damina kun ce mun mutu,
Mbappé ya bar mu, ƙarshen batu,
Ko dala Madrid ba ta sa a rubutu,
Kyauta ya tafi, ba a kai shi kasuwa.

Sai koci Luis Enrique ya shiga cefane,
Bai ɗauko mai suna ba ko ɗaya ne,
Ya kwaso yara, duk ƙanana ne,
Masu gudun da babu gajiyawa.

Neves daga Benfica aka ɗauko,
Pacho daga Frankfurt ya sauko,
Doué daga Rennes shi ma ya tako,
Da gola Safonov, su ne sabbin zuwa.

Wasan gwaji biyu muka buga,
Da Sturm Graz biyu-biyu muka zarga,
Da Leipzig ɗaya-ɗaya, raga da raga,
Kuka ce ga alama ta faɗuwa.

Na Mokoyo:
Hala Madrid. Tunda kira aka yi, ga ni.

Ɗan Gulbi sannu da ƙoƙari,
Ka iya waƙa, ka iya tsari,
Amma ka tsaya kafin watan haɗari,
Bari in tuna maka in kana mantuwa.

Farkon Oktoba London kuka je,
Arsenal ta zuba biyu kuka baje,
Dembélé na gida, an bar shi waje,
Koci ya hukunta shi kan rashin jituwa.

PSV ta zo ta raba maki,
Atlético ta ci ku ana tashi aiki,
Bayern ta ƙara muku mamaki,
Wasa biyar maki huɗu, ina abin rawa?

Kofi goma sha biyar ke ɗakinmu,
Ɗaya kuka samu kuna damunmu,
Ku bari ku kai biyu ku zo wajenmu,
Sannan mu ba ku tabarmar zaunawa.

'Yar Zariya:
Yaya Na Mokoyo, da shiru ka yi bana da ya fi maka rufin asiri.

Yayana na Mokoyo, bi a hankali,
Sau huɗu Barça ta karɓi jangali,
Biyar da biyu a Jidda, ga dalili,
Huɗu da babu a gidanku gaban kowa.

Mbappé ya cika raga da ƙwallo,
Talatin da ɗaya, ya sha kallo,
Amma Arsenal ta wanke muku allo,
Biyar da ɗaya gida da waje, sai komawa.

Ɗan Gulbi:
Allah shi yi miki albarka ƙanwata, kin rage mini aiki. Na Mokoyo, ka karanta rabin littafi ka rufe. Ga sauran.

Ni ban musa ba, mun taka ƙaya,
Har Nuwamba muna shan wuya,
Janairu ce ta sauya tafiya,
A Doha kan Monaco muka fara ɗagawa.

Kolo Muani aka ba Juventus aro,
Kvara ya zo daga Napoli, ba tsoro,
Ya kai hari, ya dawo ya yi tsaro,
Aikin da ɗanku na Madrid ke gujewa.

Ran 22 ga wata City ta zo,
Ta ci biyu, idona ya yi hazo,
Sai Dembélé ya farke da ƙwazo,
Barcola ya daidaita, fili ya ɗau tsawa.

Neves guntu ya sa ta da ka,
Ramos ya rufe, City sai kuka,
Daren nan a Bagalam har da kaka,
Ta leƙo tana tambayar mi ke faruwa.

Koci ya mai da Dembélé tsakiya,
Stuttgart ta sha uku gare shi shi ɗaya,
Na goma sha biyar muka ƙare, ba ƙarya,
Brest ta sha goma babu ramawa.

Bagobirin Tibiri:
Yara, ku matsa tsoho shi zamna. Marseille nike bi tun ana jin ƙwallo ga rediyo.

Ɗana Ɗan Gulbi, ja linzami,
Tun kana goye munka yi gangami,
Boli da ka ya jefa Milan rami,
1993, a Munich ɗin da kake yabawa.

Mu ne na farko a ƙasar Faransa,
Wanga ko Katar ba ta iya fansa,
Shekara 32 kuna bin sawunsa,
Sai bana kunka iso da kuɗin Larabawa.

Kana ta hwaɗin yara, yara,
Yaran ga kyauta anka tara?
Tun 2011 Katar ke ƙara,
Rijiyar kuɗi ce ba ta ƙafewa.

Neymar Yuro miliyan 222,
Messi ya zo ya yi shekara biyu,
Kofi bai zo ba, ku dai kun rayu,
Da takaicin 2020 da ba shi gogewa.

Kuma ku duka, in tambaye ku,
Yaushe rabonku da filin garinku?
Jangorzo ta 1983 ce taku,
Ita ta kawo ma Maradi kofin Nijar, ba musantawa.

Malam Mai Alli:
Baba, maganar Jangorzo ta shiga. Ita da Ɗan Kasawa, ɗayan kulob ɗin Maradi, sun cancanci tasu musayar, kuma da kunya a ce mun san benci na Paris ba mu san golan garinmu ba. Amma kan kuɗi ina da ja.

Baba, da girmanka, a gafarce ni,
Baitinka na Neymar ya taimake ni,
Kuɗin nan na nan tun wancan zamani,
Mi ya hana su sayo kofin tun da daɗewa?

Lokacin taurari uku a gaba,
In an ƙwace ƙwallo ba mai duba,
Bakwai ke gudu, uku na jiran riba,
Bana goma ke kai da kawowa.

Liverpool ta zo, Alisson ya tare tara,
Elliott ya shigo ya ci, aka yi asara,
Da PSG ta da ce, da an watse da ƙara,
Ta bana ta je Anfield babu sarewa.

Dembélé ya farke tun da fari,
Har bugun fenariti aka kai lamari,
Donnarumma ya kaɗe biyu a jeri,
Núñez da Jones, Doué ya yi rufewa.

Villa a gidanta ta kusa yin juyi,
Daga biyu ta ci uku, zuciya ta yi nauyi,
Gola ya tsaya ya yi abin da ya yi,
Biyar da huɗu, da ƙyar aka samu kuɓucewa.

Ɗan Kabu-kabu:
Ina tasha ina jiran fasinja, kuna ta ambaton Arsenal kamar ba ta da masu ita.

Ni na Arsenal, ku bar ni da ciwo,
Mun kori Madrid muna ta yawo,
Minti huɗu Dembélé ya kawo,
Abin da ya sa na kwana da yunwa.

A Paris Ruiz da Hakimi suka gama,
Ta Saka ɗaya ba ta kai ko'ina ba ma,
Mutum ɗaya ya kori Ingila, Donnarumma,
Liverpool da Villa da mu, ba bambantawa.

Ɗan Gulbi:
Sannu Ɗan Kabu-kabu, Allah shi ba da haƙuri. Malam, ka faɗi abin da nake ta kewaye. Yanzu a ba ni fili in kai amarya ɗaki.

Gasar gida tun Afrilu muka naɗe,
Ta 13, Angers ce muka kaɗe,
Reims uku da babu, kofin ƙasa ya haɗe,
Saura babba, mai sa mu ƙishirwa.

Munich, 31 ga Mayu, ran Asabar,
Inter ta shigo, fitilu na haske tar,
Ta fita da kaya har guda biyar,
Ba a taɓa irin ta a wasan ƙarshe ba, tambayi kowa.

Hakimi ya buɗe, bai yi murna ba,
Tsohon gidansa ne, bai manta ba,
Doué ya ci biyu, bai kai ashirin ba,
Kvara da Mayulu suka yi cikawa.

'Yar Zariya:
Barka dai. Amma a riƙa godiya.

Ku gode mana, kocin nan namu ne,
2015 a Berlin, kofinmu ne,
Shida da ɗaya ta 2017, aikinsa ne,
Wanda ya kashe ku shi ya yi rayawa.

Na Mokoyo:
Ke kuma da wane baki?

'Yar Zariya ƙanwata, kin cika baki,
Inter ɗin nan ce ta hana ku biki,
Bakwai da shida, Acerbi ya tsaya miki,
Tsoho ɗan 37 ya hana ku wucewa.

Mu kaka ɗaya ce ta yi mana gardama,
Alonso ya zo, za ku gani ma,
Trent da Huijsen sun shigo hidima,
Baɗi ku riƙe kofin in kuna iyawa.

Ɗan Gulbi:

Alonson nan ai mun gaisa,
A New Jersey muka iske sa,
Huɗu da babu, Mbappé na kallon ƙasa,
Minti 24 uku sun shiga, ba tsayawa.

Shuɗin Sabon Gari:
Salamu alaikum. Ni ba gwanin waƙa ba ne, amma na ji an ambaci New Jersey, inda aka ƙarƙare gasar kofin duniya ta kulob-kulob.

Tun ɗazu nake gefe ina saurare,
An zaga Turai, an zo an tare,
Filin nan dai, bayan kwana huɗu da dare,
Chelsea ta koya muku gaba da gabanta, 'yan uwa.

Palmer biyu, ƙafar hagu, kusurwa ɗaya,
João Pedro ya ƙara, ba hayaniya,
Kafin hutun rabi an rufe tafiya,
Kofin duniya na London yana hutawa.

Neves guntun da kake wa kirari,
Da ya rasa ƙwallo ya sauya tsari,
Gashin Cucurella ya kai wa hari,
Alƙali ya ba shi ja, sai ficewa.

Ɗan Gulbi:
Wa ya sa wannan cikin fada?

Na karɓa, uku ce, ba na musu,
Amma Pacho da Hernández babu su,
Jan katin Bayern ne ya zaunar da su,
Ga doguwar kaka, an gaji da yawa.

Shuɗin Sabon Gari:

Ranar Madrid ma ai babu su,
Huɗu kuka ci, ba ka tuna da su,
Sai yau da aka ci ka kake kiran su,
Kawo shayin da ka yi alkawari, muna jiran zubawa.