Waya ko MagicBand a Disney World: abin da jama'a suka ce

Ana ta muhawara kan ko waya ta isa a shiga Disney World (wurin shaƙatawa a Florida, Amurka) ko sai da MagicBand, wato abin ɗaurawa a hannu mai ɗauke da tikitinka. Ga abin da na tattara, tunda zancen ya yi tsawo:

1. Kusan kowa ya yarda waya ta wadatar. Tun 2021 Disney ta daina ba baƙin otal ɗinta MagicBand kyauta, ta kawo MagicMobile, wato ka sa tikitinka a Apple Wallet ko Google Wallet ka kara a ƙofa, shi ke nan.

2. Masu Apple Watch sun fi kowa jin daɗi, ba sai ka laluba aljihu ba.

3. Caji ne matsalar. Hoto, taswira, duba layi, ga zafin Florida, kafin la'asar batir ya yi ƙasa. A riƙe fawa bank.

4. Kan yara aka rabu. Wasu sun ce a zuba tikitin kowa a wayar uba, wasu suka ce ina, kana ta shafa allo kana neman na wane yaro na kuka mutane na jira a bayanka, gara kowa da MagicBand ɗinsa a hannu. Ni ma nan na tsaya gaskiya.

5. Wurin wanka kuwa MagicBand ya fi, ruwa ba ya ɓata shi.

6. Wanda bai son kashe kuɗi ya karɓi tikitinsa a katin roba, kyauta ne.