Josh Gibson ko Ty Cobb: wa ya cancanci zama a saman jerin?

Auta: Salamu alaikum. Tun da MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, ta haɗa alƙaluman gasannin baƙaƙen fata da nata a watan Mayun 2024, marigayi Josh Gibson ne ke kan gaba a iya bugu a tarihin besbol na Amurka. A lissafin da aka fitar a 2024, a kowane tsayuwa 1,000 gaban mai jifa, sau 372 bugunsa ya yi kyau, Ty Cobb kuwa 367. Ni dai na ce an yi adalci, ko da an makara.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, ban raina Gibson ba, amma Cobb ya tsaya bugu fiye da sau 11,000, na Gibson da aka tabbatar bai kai 3,000 ba. Awon tiya da awon buhu ba ɗaya ba ne.

Yaya Babba: Kawu, a gafarce ni, wa ya taƙaita masa wasannin? Ƙofa aka rufe masa saboda launin fatarsa. Shi ya sa ya ƙare rayuwarsa tsakanin ƙungiyoyin baƙaƙen fata na Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords, yana fita Meziko da Kuba neman abin kai wa baka. Shi ma Cobb ai bai taɓa fuskantar baƙin mai jifa ko ɗaya a gasarsu ba. In na Gibson da giɓi, nasa ma da giɓi.

Kawu: Wannan na karɓa. To maganar bugu kusan 800 da Gibson ya fitar waje da fili, wadda aka rubuta a allonsa a gidan karrama gwanayen besbol na Cooperstown a 1972 fa? Har da wasannin yawon gari a ciki.

Auta: Ba su shiga sabon lissafin ba, Kawu. Wasannin gasa kawai aka ƙirga.

Goggo: Ku kuna ta lamba, kun manta aikin Gibson. Mai cafe ƙwallo ne. Wasa guda yana tsugune bayan mai bugu cikin sulke da takunkumi, yana yi wa mai jifa ishara da yatsu, ƙwallo na dukan hannunsa da gwiwarsa, sannan ya miƙe ya ɗauki sanda. Cobb can bakin fili yake tsayawa. Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda Gibson ya tafi: an gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa a 1943, ya ci gaba da wasa, ya rasu ranar 20 ga Janairun 1947 yana da shekara 35. Ba a cika wata uku ba Jackie Robinson, baƙar fatan da aka fara buɗe wa ƙofar babbar gasa a wannan zamanin, ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers. Kabarin Gibson a Pittsburgh ko alama babu sai a 1975.

Kawu: Goggo, jikina ya yi sanyi. Cikin masu cafe ƙwallo ban sa kowa gabansa ba. Amma kan batun jerin ina nan kan bakata: a rubuta yawan tsayuwar kowa kusa da sunansa, mai karatu ya gani da idonsa.

Yaya Babba: A rubuta, Kawu. Amma a ƙara da dalilin da ya sa nasa ya yi kaɗan.