Shawarwari kan gyaran ƙashin baya da hannu

Wata tattaunawa ce ta taso daga tambayar wani tela wanda wuyansa ya karkata gaba saboda yawan sunkuyo a kan keken ɗinki, yana neman sanin ko masu gyaran ƙashin baya da hannu za su iya miƙar da shi.

Wannan sana'a, wadda ake kira chiropractic da Turanci, ta samo asali ne a Amurka a shekarar 1895, lokacin da Daniel David Palmer ya fara ta a garin Davenport. Akasarin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa danna gaɓoɓin baya yakan sassauta ciwon ƙugu na ɗan lokaci, amma ba ya sauya siffar ƙashi, kuma ƙarar "ƙas" da ake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa.

Inda aka fi jan kunne shi ne murɗa wuya da ƙarfi, domin ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jini har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai raunin ƙashi, da wanda ƙafarsa ke mutuwa ko fitsari ke kuɓuce masa, asibiti ya kamata ya nufa kai tsaye.

Shi kuwa telan, an shawarce shi da ya daidaita tsayin kujerarsa, ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, ya kuma nemi likitan motsa jiki ya koya masa atisayen ƙarfafa tsokar baya, wanda a ganina ya fi masa araha.