Yoyon ruwan matsarmama ya ƙi tsayawa, a sa bututun ƙarfe ne?

Mai tambaya: Salamu alaikum manyanmu. Mace ce 'yar shekara 42, an cire mata matsarmama saboda tsakuwa. Aikin ya ba da wahala, kumburi ya manne ko'ina, haka takardar da aka turo ta da ita ta nuna. Kwana uku da tiyata ruwa kore, wato na matsarmama, ya fara bin robar da aka bari a cikinta don fitar da ruwa. An yi ERCP, wato zura kyamara ta baki har hanyar ruwan matsarmama, an sa bututun roba mai kaurin 10 Fr (kusan milimita uku) a cikin hanyar. Yau sati biyar, kullum sai an kwashe mililita 300 na ruwan. 'Yan uwanta sun sayar da gona. Mu koma na ƙarfe?

Likitan hanji: Koma, Dakta, kada ka ɓata lokaci. Na nitinol, haɗin nikel da titaniyom, faɗin milimita 10, amma wanda aka lulluɓe ragarsa gaba ɗaya. Roba rage matsi kawai take yi, shi kuwa buɗewa yake ya toshe ramin. Marar lulluɓi nama ke tsirowa cikin ragarsa, ba ya ciruwa, na masu ciwon daji ne.

Likitan tiyata: Yallaɓai, ramin a ina yake? Mai tambaya bai faɗa ba. In kututturen bututun matsarmama ne, to. In kusa da mararrabar bututun hanta na dama da na hagu ne, lulluɓin zai iya rufe bututun ɓari guda, ciwon shawara da zazzaɓi su biyo baya. In kuma wani reshen bututun hanta na dama aka datse, babu ƙarfen da zai kai gare shi, sai a haɗa shi da hanji. A yi MRCP tukuna, wato hoton hanyoyin ruwan matsarmama da na'urar maganaɗisu.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ba mu muka yi tiyatar ba. MRCP kuma kuɗi ne.

Nas: Halin ke nan, sai abu ya lalace a turo mana, takarda layi biyu. Kun ma duba ko robar ta toshe ko ta zame?

Likitan hanji: Ko ta toshe, amsar ɗaya ce. A dai share tsakuwar da ta rage, a ba ta indometasin miligiram 100 ta dubura don rigakafin kumburin fankiriyas (saifar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin), wanda ERCP kan jawo. Bayan sati huɗu zuwa takwas a cire na ƙarfen, in ya daɗe yana barin tabo mai matse hanya.

Likitan tiyata: Na ƙarfen ma yana zamewa. Roba biyu a jere sun fi araha.

Mai tambaya: Ai ba ta da zazzaɓi, tana cin abinci, shi ya sa muka jira. Wa ya san kuɗin na ƙarfen yanzu?