Man kaɗanya yana fito da ƙuraje a gumin Legas, me zan koma?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Haɗin da aka saba shi ne cokali 3 na man kaɗanya da cokali 1 na man kwakwa, a narkar, a shafa bayan wanka da sabulun salo. Da hunturun Arewa yana yi. Amma nan Agege da damina gumi ba ya bushewa, sai man ya toshe ƙofofin fata, ƙananan ƙuraje su feso a goshi da wuya.

Na cire man kwakwa, na koma shafawa da dare kawai, goshin bai lafa ba. Ina zargin man kitso ne ke gangarowa ƙarƙashin ɗankwali.

Don Allah, gilisarin da ruwa zai wadatar da fata? Nawa-nawa ake haɗawa? Gashin kuma, wane mai marar nauyi kuke sawa?