Taimako: hazard da risk duk haɗari ne?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina fassara takardar kariya da za a raba wa masu aikin lantarki nan Katsina ran 28 ga Afrilu, ranar da ILO, ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta ware don lafiyar ma'aikata. Gobe da safe za a kai wurin bugawa. Turanci ya raba hazard, risk da accident, ni kuwa duk ukun haɗari suke fito mini. A agaza.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Kada ki yarda su haɗu, aikin ya dogara a kan bambancin. Wayar tsirara mai volt 415 hazard ce ko a ina take. In tana cikin akwati an sa kwaɗo, risk ɗinta kaɗan ne. In tana lilo a ƙasa mai jiƙa, yaran shago na wucewa, ya yi yawa. Ana auna risk da abu biyu: yiwuwar abin ya faru, da munin raunin. Ni "tushen haɗari" nake ce wa hazard, risk kuma "yiwuwar cutuwa".

Mai wayarin: Oga, a wurin aiki danja muke cewa, kowa ya gane.

Ɗan Funtua: Mutanen garin Danja na jin ka fa.

Malamin Hausa: Danja kuma? Harshe mai girma irin namu ya koma roƙo? "Mahallaka" ita ce hazard, risk kuwa "kasada". Kalma ɗaya ɗaya, ba jimla ba.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Allah gafarta Malam, kasada mutum ke yin ta da gangan. Wanda ya kashe layi ya hau fol, wani ya tada janareto ba canji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareto da ta layi, wuta ta dawo masa, ina kasadarsa? Kuma ƙarar inji da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana cin kunne a hankali in ana wuni cikinta, ba ta hallaka kowa, amma hazard ce.

Malamin Hausa: Kurumta ai hallakar kunne ce. Ku 'yan boko kun saba raina naku.

Ɗalibi, Daura: Ranka ya daɗe, ita hallaka ba daga Larabci muka aro ta ba?

Malamin Hausa: Yaro, aron da ya kwana ƙarnuka ya zama ɗan gida. Tun kaka da kakanni muke da ita. Kuma a rubuta hatsari, don in aka manta lanƙwasar ɗ a haɗari sai ya koma hadarin ruwan sama.

Ɗan Funtua: Kanawa ma sai su ce tasu ce daidaitacciya.

Mai fassara: Don Allah a bar Kano ta huta, dare na yi. Ga abin da na sa: "Kafin ka taɓa, gano tushen haɗari. Kashe wuta, sa kwaɗonka, riƙe makullin, rataya alama, sannan ka gwada layin ka tabbatar ba wuta." Accident na ba shi hatsari, na ɗauki ta Malam a nan. Risk ne har yanzu ban gamsu ba, "yiwuwar cutuwa" ta bar maganar munin rauni a waje.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Haka ne. Sa "girman haɗari" a teburin auna risk, sauran wuraren ki bar "yiwuwar cutuwa" yadda take.

Malamin Hausa: To, ku buga. Amma a ajina mahallaka zan koyar.

Mai wayarin: Hajiya, a dai sa DANJA da ja a kan alamar.